Ƙugiyar Mama Lucia

Karo na uku ke nan Khairat ta danna maɓallin kunnawa. Sabuwar kwamfutar ta yi haske, ta nuna tambarinta, sannan allon ya koma baƙi wuluk, sai wani ɗan gajeren layi fari da ke ƙiftawa a kusurwa kamar yana yi mata gwalo.

"Ya tashi?" in ji dattijon da ke zaune a bayanta, hularsa a kan gwiwa.

"Ba ta tashi ba, Baba."

"To. Jiya kin ce aikin minti talatin ne, Injiniya."

Ta faɗa kuwa, da bakinta, a waya. Yanzu ƙarfe sha ɗaya saura kwata na ranar Laraba, rana ta fara dukan kwanon shagonta da ke layin masu gyaran waya a kasuwar Kafanchan, kuma Baba Ishmael Kumai yana nan tun ƙarfe takwas. Motar farko ya biyo daga Kwoi, ɗauke da kwamfutoci biyu. Ɗaya tsohuwa ce ta kan tebur, mai nauyin buhun siminti, wadda ta fara kashe kanta duk bayan minti goma. Ɗayar kuma sabuwa ce fil, siririya kamar littafin rubutu, wadda 'yarsa Edna ta aiko masa daga Legas.

A cikin tsohuwar akwai aikin shekara goma sha tara: waƙoƙin sujada ɗari uku cikin Hausa, waɗanda ya bi ƙauyukan Kwoi yana tattarawa daga bakin mawaƙan coci, wasu kuma shi ya tsara su. Ranar Lahadi za a keɓe littafin da addu'a a coci, ranar da matarsa Lucia ke cika shekara guda da rasuwa. An riga an yi sanarwa a majami'u bakwai. Dogara, mai maɗaba'a a Kaduna, ya ce in littafin bai iso wayarsa ba kafin ƙarfe biyar na yau, injinsa zai hau wani aikin, sai dai a haɗu mako mai zuwa.

"Ki kwashe komai yadda yake," haka Baba ya ce mata. "Kada ko tsinke ya canza wuri." Ita kuma, don ta burge shi, ta kwafe faifan ajiyar tsohuwar ɗungurungum ta juye a kan sabuwar, ta danne abin da ta zo da shi.

Sai yanzu ta jawo kwalin ta juya bayansa ta karanta ƙananan rubutun. Ta runtse ido. Shekara huɗu tana karatun kwamfuta, amma ta kasa juya kwali.

"Mene ne?" in ji Baba.

"Ƙwaƙwalwarsu ba iri ɗaya ba ce. Abin da muke kira furosesa. Ta wannan sabuwar irin ta cikin waya ce, ba ta jin umarnin da aka rubuta wa tsohuwar ko kaɗan."

"Kwamfuta dai kwamfuta ne."

"A'a, Baba." Ta share gumi da gefen mayafinta. Can bayan rumfuna ana hango tsofaffin taragu sun yi tsatsa a tashar jirgi. "Ba a reluwe ka ce ka yi aiki ba?"

"Shekara talatin da ɗaya. Mai duba taragu."

"To taragon tsohon layinmu na nan, zai hau sabon layin dogo mai faɗi?"

Dattijon ya gyara zama. "Ina! Ƙafarsa ba zai kai ba. Zai faɗa tsakiya."

"Abin da na yi ke nan tun safe. Na ɗora tsohon tarago a kan sabon layi."

Ya dube ta ta saman tabarau na ɗan lokaci. "To ai ba a yin haka, 'yata. Sabon tarago ake kawowa, a jera su, a sauke citta buhu-buhu a loda. Wa ya koya miki aiki?"



Kafin a loda kaya sai an mayar wa sabuwar kwamfutar da manhajar da ke tuƙa ta, wadda Khairat ta goge da hannunta. Ta haɗa da wayarta ta fara saukewa. Netwok ya kama rarrafe. Da ta kai kashi ashirin cikin ɗari aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, layin gaba ɗaya ya ɗauki ƙarar janareto. Ta jona batirin sola, ta ɗaga wayar sama kusa da taga, ta riƙe har kafaɗarta ta ƙage.

Tana cikin haka idonta ya sauka a kan madannan tsohuwar kwamfutar. Sun yi dauɗa, haruffan sun goge, amma a gefen dama akwai maɓallai uku da aka ɗiga wa jan farce. Ta sa ɗan yatsa za ta kankare.

"Kada ki taɓa!"

Ta janye hannu da sauri.

Da aka kira azahar ta shimfiɗa darduma a lungun bayan kanta, ta bar shi yana gadin allo. Tana sallamewa ya kawo rahoto.

"Ya kai saba'in da ɗaya, ya tsaya yana hutawa. Kamar jirgin Jos."

Ƙarfe biyu saura sabuwar kwamfutar ta farfaɗo. Khairat ta ciro faifan tsohuwar, ta jona ta waje, ta fara lodin buhu-buhu: hotuna, wasiƙu, fayil ɗin littafin. Duk suka haye lafiya. Ta danna littafin. Kwamfutar ta ce ba ta san abin da za ta buɗe shi da shi ba.

"Da wace manhaja kake tsara shafukan, Baba?"

Ya zaro wani faifan CD daga aljihun jaka, an naɗe shi da hankici. Wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki ne ya ba shi, shekara goma sha tara da suka wuce. Sabuwar ba ta da gurbin CD, sai ta kwafo manhajar daga faifan tsohuwar ta gwada. Allon ya amsa da layi ɗaya: wannan ba ta irin wannan na'ura ba ce.

Ta bugi tebur har sukurori suka yi tsalle.

Wayar Baba ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙo mata. "Edna ne."

"Abeg, sista, me ke faruwa?" Muryar ta fito da ƙarfi, ana jin hon ɗin motoci a bayanta. "Laftof ɗin nan sabo ne a kwali fa. Ni na ce wa Dadi ya kai shi Jos wurin waɗanda suka san aiki, ya ce wai akwai wata yarinya a Kafanchan."

"Yarinyar ce ke magana. Da za ki saya, kin tambayi irin manhajar da yake aiki da ita?"

"Na sayi mafi kyau a shagon!"

"Mafi kyau ce. Ba ta dai jin yaren tsohuwar."

"Ni dai na sayi tikitin mota na Juma'a, na gayyaci mutane. In babu littafi ranar Lahadi…"

Khairat ta miƙa wa Baba wayarsa tun kafin a ƙarasa.

Saura dabara ɗaya. Akwai manhajar da ke shiga tsakani, ta karɓi umarnin tsohuwar ƙwaƙwalwa ta juya wa sabuwa, layi bayan layi. Ta saka ta, ta ɗora tsohon tsarin a cikinta, ta kunna. Da kyar ya motsa. Duk abin da ta danna sai ta ƙirga goma kafin ya amsa.

"Me ya sa yake tafiya kamar mai ciwon ƙafa?"

"Tafinta na sa musu."

"A'a, to shi ya sa." Baba ya gyaɗa kai. "Ran da baƙon fasto ya yi wa'azi da Turanci ana juyawa, sai ƙarfe biyu muke tashi."

Littafin ya buɗe. Dattijon ya miƙe tsaye, ya dafa kujerarta. Amma duk lokacin da ta ce a fitar da shi yadda maɗaba'a ke so, sai tafintan ya sume. Sau biyu. A na uku ta haƙura, ta kwashe zallar rubutun ta zuba a sabuwar manhajar tsara shafi.

Baba ya sunkuya ya karanta, ya yi baya kamar an mare shi.

"Wane irin yare ne wannan? Kin lalata mini aiki!"

A allon an rubuta: *Mai }auna, ka ]auke nawayarmu.* Duk inda ido ya kai, baka-baka ne da alamu sun cika shafi kamar an watsa ƙaya.

Khairat ta ƙura wa layin ido. Mai ƙauna. Ka ɗauke. Ta juya ta dubi maɓallan nan uku masu jan farce, ta sake duban allon.

"Tsaya, Baba, ba abin da ya lalace. Da can kwamfuta ba ta da haruffanmu masu ƙugiya. Sai aka yi dabara, aka zana ƙa da ɗa da ɓa a kan waɗannan maɓallan. Tsohuwar tana nuna zanen, sabuwar tana nuna abin da ke ƙarƙashi."

Ta ba da umarni shida, manya da ƙanana, kowace alama ta koma harafinta. Cikin ƙiftawar ido shafin ya wanke tas. Ta jingina da kujera, karo na farko tun safe. Ƙarfe uku saura minti biyar.

Ta fara gangarawa don ta tabbatar. Waƙa ta hamsin, lafiya. Ta ɗari, lafiya. Ta ɗari biyu da sha biyu, lafiya. Ta ɗari biyu da sha uku…

Babu ƙugiya ko ɗaya. *Kauna. Dauke. Bata.* Ta gangara har ta ɗari uku. Waƙa tamanin da takwas, duk a miƙe kamar an bi su da dutsen guga.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Tafintan ya zubar da kaya a hanya."

Baba ya koma kujerarsa ya zauna.

Ta sake kwasowa daga farko, tana ƙirga goma bayan kowane dannawa. Haka ya fito. Ta canza hanyar fitarwa, ta sake. Haka dai. Wata mata ta leƙo da waya mai fasasshen gilashi, Khairat ta ce ta dawo gobe ba tare da ta ɗago ba. Dogara ya kira layinta.

"Madam, ina jira fa. Biyar biyar ce. Takardun jarrabawar makarantu uku na kan tebur, masu su sun tsaya a kaina."

"Yana zuwa."

"Tun sha biyu yake zuwa. A ƙafa ya taho?"

Ta kashe. Ta mayar da faifan cikin tsohuwar kwamfutar, ta buɗe murfin gefe, ta jawo ƙaramar fankar sola ta saita ta a kan cikinta. Minti goma take da shi kafin kwamfutar ta mutu. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya tashi. Ta buɗe littafin a gidansa na asali, a allon da aka rubuta shi, ta tafi kai tsaye waƙa ta ɗari biyu da sha uku.

Babu ƙugiya a nan ma.

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta juya kujerarta gaba ɗaya.

"Baba. Ba a hanya suka zube ba. Ba a taɓa sa su ba."

Yana murza bakin hularsa da yatsu. "Eh."

"Eh? Ka sani?"

"Na sani."

"Minti hamsin, Baba! Minti hamsin ina haƙa rami ina neman abin da ba a binne ba, kana zaune kana kallona! 'Yarka ta zage ni, mai maɗaba'a ya yi mini ba'a, kai kuma ka ce na lalata maka aiki!"

Mai gyaran waya na shagon kusa ya leƙo, ya ga fuskarta, ya koma.

"Lucia ne yake sa su," in ji dattijon, idonsa a kan madannan. "Ni kunnena ba ya rabewa. Mu a gida da yarenmu muka tashi, Hausa a kasuwa da coci na koya. Ita a Zariya aka haife ta. Ni in buga waƙa da rana, ita ta zauna da yamma ta bi layi-layi tana sa kugiya. Ita ta ɗiga jan nan don kada ta riƙa nema. Kullum tana mini dariya, wai Ishmael, bakinka ba ya lanƙwasa." Ya ja numfashi. "Ta gama ɗari biyu da sha biyu ranar Talata. Ranar Alhamis muka tafi asibiti."

Tsohuwar kwamfutar ta yi ɗan ƙara, allonta ya mutu. Fankar ta ci gaba da hura cikinta.

"Me ya hana ka faɗa mini tun safe?"

"Edna ta ce sabon yana da wayo, yana gyara rubutu da kansa. Na ce to, in an zuba a ciki zai sa. Da na ga bai sa ba…" Ya ɗaga kafaɗa. "Shugaban mawaƙa na shekara arba'in, a ce bai iya rubuta waƙarsa ba. Kunya ya kama ni, 'yata."

Khairat ta dubi agogon wayarta. Huɗu saura minti goma. Haushin bai tafi ba, ya dai rasa inda zai sauka.

"A buga haka mana," in ji shi. "Mutanenmu za su gane. Yawancinsu ma kamar ni suke."

Ta juya ga sabuwar kwamfutar ta karanta layin farko na waƙar da ƙarfi, yadda yake a rubuce. "*Yesu, dan Allah, ka ji kukanmu.* Baba, roƙonsa kake yi? Dan Allah ka taimaka, kamar mai neman canji a tasha?"

"A'a! Ɗa! Ɗa na…" Ya tsaya. Ya matso ya dubi layin. Ya sa hannu ya rufe baki. "Kai. Da Lucia ta kashe ni."

"Ga wani. *Ka tara baki a gidanka.* Bakin wa za a tara?"

Wata irin dariya ta kuɓuce masa, rabi tari. Ya cire tabarau yana goge ido. "Inji ba zai iya sawa gaba ɗaya ba, kamar yadda kika yi ɗazu?"

"Ba zai iya ba. Akwai kasa, akwai ƙasa. Akwai karya, akwai ƙarya. Sai wanda ya san abin da ake nufi."

Ta ɗauki waya ta kira Kaduna. "Malam Dogara, ka ba ni zuwa shida."

"Madam…"

"Shida. In ta wuce da minti ɗaya ka hau jarrabawarka, ba zan ƙara kiranka ba."

Ya yi tsaki mai tsawo. "Don Mama Lucia ce fa. Ita ta koya wa matata ɗinki. Shida."

Khairat ta tashi ta jawo ƙofar shagon ta rufe rabi, ta tura wa Baba kujera kusa da tata. "Ni zan karanta in sa. Inda kalma ta rabu biyu, kai za ka faɗa mini abin da kake nufi. Ban da labari, ban da tarihin waƙa."

Ta kai alamar rubutu kan *dan* na layin farko, wanda zai koma *ɗan Allah*. Yatsanta ya tsaya a sama. Baba ya lura, ya dubi mayafinta, ya dubi dardumar da ke ninke a lungu.

"In da nauyi, ki bar wannan, ni zan danna."

"Waƙarku ce, Baba, ba tawa ba. Ni harafi nake gyarawa." Ta danna. "Na gaba."

Suka kama. Tana karantawa da sauri kamar mai kiran lambobin mota, yatsunta na tsalle.

"*Ba za mu kasa ba.*"

"Gazawa."

"A bar shi. *Ka karya sarka.*"

"Ya tsinka ta. Irin ta ɗaure fursuna."

"Na farko a bar shi, na biyu ƙugiya. *Mun bata.*"

"Kamar tumaki."

"Ɓata."

A waƙa ta ɗari biyu da arba'in ya fara rera amshi, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. A ta ɗari biyu da sittin suka yi gardama a kan wata kalma har ta ce to ya kira Edna ta raba su, ya ce Edna da ko gaisuwa sai ta haɗa da Turanci. La'asar ta yi, ta yi sallah cikin minti huɗu, ta dawo ta tarar ya sa yatsa a kan layin da suka tsaya don kada ya gudu. Wuta ta dawo ba wanda ya lura. Idanunta suka fara yaji, haruffa suna ninkuwa biyu-biyu.

Shida saura minti tara suka kai ta ɗari uku. Ta fitar da littafin, wannan karon ya fita salin-alin, ta tura. Layin aikawa ya tsaya a tsakiya. Ta miƙe ta ɗaga wayar kusa da taga, Baba na bayanta yana addu'a da yarensu ƙasa-ƙasa. Shida saura minti uku saƙon Dogara ya shigo: *Ya iso.*

Ta zube a kujera. Wuyanta kamar an ɗora masa dutse.

Baba ya sa sabuwar kwamfutar a jaka. Tsohuwar kuwa ya ce ta ajiye, ko wani abu a cikinta zai yi wa wani amfani. Madannan kawai ya cire, ya ɗaga wayarsu mai zagayayyen kai yana dubawa.

"Wannan zai shiga sabon?"

"Ba zai shiga ba. Babu ma ramin irinsa."

"To." Ya naɗe wayar a jikinsu a hankali, ya sa su a hammata. A bakin ƙofa ya juyo. "Na gode, Injiniya. Na gode da kugiya."

"Ƙugiya, Baba. Ita ma tana da ƙugiya."

Ya tsaya da hula a hannu, yana kallonta kamar wani ya kira sunansa daga nesa. Ya motsa baki, ya gwada.

"Kugiya."

"Bari kawai," in ji Khairat. "Motar Kwoi za ta tafi ta bar ka."

Ya sa hularsa, ya gyara madannan a hammata, jan ɗigon nan uku suna waje, ya fita yana ɗaga wa mai keke hannu.